FAYIN NA SIKOTLAN: DATTIJO A DAJI, MAI GAJEREN KWANA A HARABAR GIDA

Gabatarwa

A yankin Laflan da ke arewacin ƙasar Finlan, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa kusan rabin shekara, masana sun ƙidaya shekarun wani itacen fayin suka tarar ya haura shekara 760 a duniya. Wannan na nufin ya tsiro ne tun cikin ƙarni na 13. Amma a jihohin tsakiyar Amurka, irin su Misuri da Kansas da Nebaraska, magidanci kan dasa ainihin wannan irin itace a harabar gidansa, ya ba shi ruwa da taki, ya yi masa aski, sai a wayi gari wata rana cikin watan Agusta ko Satumba ganyensa ya dushe, kafin wata biyu ya bushe ƙarau, alhali sau da yawa bai ko cika shekara arba'in ba.

To, me ya kawo wannan bambanci? Yaya aka yi wanda ba mai kula da shi ya yi tsawon rai, wanda ake tarairaya kuma ya mutu da ƙuruciya? Amsar wannan tambaya ta ƙunshi darussa da dama na ilmin halittu: yadda itace ke shan ruwa, yadda yake kare kansa, da kuma abin da kan faru idan aka ɗauke wata halitta daga mahaifarta aka kai ta baƙon wuri.

Wane irin itace ne?

Sunan da masana kimiyya suka san shi da shi shi ne Pinus sylvestris, sunan da masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa a shekarar 1753. Ko da yake ana jingina shi ga Sikotlan, wadda ta ayyana shi a matsayin itacen ƙasa a 2014, mazauninsa na asali ya faro ne daga Sikotlan da duwatsun Sifen a yamma, ya ratsa Turai da Rasha har ya dangana da gabashin Saiberiya. Babu wani irin fayin a duniya da ya kai shi faɗin mazauni.

Gane shi ba wuya. Ganyensa siriri ne kamar allura, tsawonsa santimita 4 zuwa 7, launinsa kore mai ratsin shuɗi, yana ɗan murɗewa, kuma kullum bibbiyu yake fitowa a ɗaure a gindi guda. Ɓawon gangar jikinsa daga ƙasa kauri gare shi, toka-toka, mai tsattsagewa, amma daga sama sai ya zama siriri, ja-ja kamar jan ƙarfe, yana ɓarewa falle-falle. Ba ya fure irin wanda muka saba gani. Irinsa yana cikin wani kwanso mai ɓawo hawa-hawa, wanda kan buɗe idan ya nuna, iska ta kwashe irin. A wuri mai kyau tsawonsa kan kai mita 35.

Fayin ɗin da wasu masu karatu suka taɓa gani a Jos ko a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna ɗan'uwansa ne, amma ba shi ba ne. Mafi yawan waɗancan nau'in yankin Karibiyan ne da Amurka ta Tsakiya, waɗanda suka jure zafi. Shi na Sikotlan ɗan ƙasar sanyi ne.

Yaya ake sanin shekarun itace?

A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, itace kan daina girma ɗungurungum idan sanyi ya shigo. Da ɗumi ya dawo sai ya fara gina sabon katako a ƙarƙashin ɓawo: na farkon lokaci fari-fari ne mai taushi, na ƙarshen lokaci kuwa duhu gare shi da tauri. Waɗannan biyu su ne zobe guda, wato shekara guda. Idan aka yanke gungume aka ƙidaya zobban daga tsakiya zuwa baki, an sami shekarun itacen.

Ba lallai sai an sare itace ba. Masu nazarin daji suna da wani siririn ƙarfe mai rami a ciki, wanda ake murɗawa cikin gangar itacen, a zaro ɗan sandan katako mai kaurin fensir, a ƙidaya zobban da ke jikinsa. Ga ƙaramin fayin kuma akwai hanya mafi sauƙi: kowace shekara yakan fitar da rassa zagaye guda a kan gangarsa, don haka ƙidaya hawa-hawan rassan kan ba da kimanin shekarunsa.

Zobban nan kundin tarihi ne. Shekarar da aka sami ɗumi da danshi zoben kan yi faɗi, shekarar wahala kuwa ya tsuke. Masanin taurari A. E. Douglass, wanda ya kafa ɗakin binciken zobban itace a Jami'ar Arizona a 1937, shi ne ya mayar da wannan nazari fannin ilmi mai zaman kansa. A arewacin Finlan da Suwidin, masana sun haɗa zobban itatuwan fayin masu rai da na gumagumai da suka nutse a ƙarƙashin tafkuna masu sanyi, suka gina tarihin yanayi na sama da shekara 7,000.

Sirrin tsawon rai a daji

A mazauninsa na asali fayin na Sikotlan kan rayu shekara 150 zuwa 300. Waɗanda suka zarce haka galibi suna wuraren da rayuwa ta fi tsanani ne, kan duwatsu ko can arewa mai nisa. Dalili kuwa shi ne, a irin waɗannan wurare itacen yana girma a hankali ƙwarai, zobbansa a matse, katakonsa cike da ƙaro, abin da ke hana ruɓewa. Sanyi kuma yana rage yawan ƙwari da ƙwayoyin cuta, yana kuma hana su saurin hayayyafa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Abu uku itacen yake bukata. Na farko hasken rana sosai, domin ba ya jure inuwa. Na biyu ƙasa mai tsane ruwa, kamar jigawa ko tsakuwa, ko da ba ta da ƙarfi. Na uku kuwa abokan zama a ƙarƙashin ƙasa: wasu nau'o'in fangas, dangin naman kaza, da ke naɗe ƙananan saiwoyinsa. Zaren fangas ɗin ya fi saiwa sirantaka nesa ba kusa ba, yana shiga inda saiwa ba ta iya shiga, ya jawo wa itacen ruwa da sinadaran ƙasa, shi kuma itacen ya biya shi da sukarin da ganyensa ya sarrafa. Muhimmancin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya bayyana a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, inda dashen fayin na farko-farko ya riƙa tsumburewa, har sai da aka cakuɗa ƙasar renon dashen da ƙasa mai ɗauke da wannan fangas.

Ko a gida Sikotlan ma itacen bai tsira daga hannun ɗan Adam ba. Ya isa can ne kimanin shekara 9,000 da suka wuce, bayan narkewar ƙanƙarar da ta rufe arewacin Turai, ya kafa babban kurmin da ake kira Kaledoniya. Sara da kiwo da sauyin yanayi sun cinye kurmin, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya bisa ɗari ba, a wurare irin su Glen Affric da Abernethy. A wasu daga cikin wuraren tsofaffin itatuwa ne kawai a tsaye, saboda bareyi da tumaki suna cinye duk ƙaramin da ya tsiro.

Rayuwa a harabar gida

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da irin wannan itace. A ƙarni na 20 aka dasa shi da yawan gaske a jihohin tsakiya, a matsayin shingen kare gonaki daga iska, da ado a gidaje da makarantu, kuma daga shekarun 1950 zuwa 1980 yana kan gaba cikin itatuwan da ake nomawa don bikin Kirsimeti. Yana saurin kamawa, yana saurin girma, ga arha.

Sai dai harabar gida ta sha bamban da daji. Ƙasar wurin sau da yawa laka ce wadda motocin gini suka danne, ruwa ba ya tsanewa, iska ba ta shiga. Mafi yawan saiwoyin da itace ke ci da su suna kusa da saman ƙasa ne, suna kuma bukatar iska kamar yadda muke bukata. Idan ƙasa ta daskare ko ruwa ya kwanta, sai su shaƙe. Ciyawar ado da ake shukawa har gindin itacen tana rige shi shan ruwa. Injin yankan ciyawa kan ƙwarzane ɓawon. Gishirin da ake barbaɗawa a tituna don narkar da ƙanƙara kan ƙona ganye da saiwa. Wani lokaci kuma tun ranar dashe aka yi kuskure: an binne gindin ya yi zurfi, ko an bar saiwoyin a nannaɗe kamar yadda suka fito daga tukunya, sai bayan shekaru su shaƙe gangar. A kan duk wannan ga zafin watannin Yuli da Agusta na tsakiyar Amurka, wanda ya zarce abin da itacen ya gada.

Ba safai ɗaya daga cikin waɗannan ke kashe itacen kai tsaye ba. Abin da suke yi shi ne raunana garkuwarsa. Garkuwar fayin kuwa ita ce ƙaro. Idan ƙwaro ya huda ɓawo, ƙaro kan kwararo ya nutsar da shi ya kuma toshe ramin. Itacen da ƙishi ya dama ba ya iya tura ƙaro isasshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsutsar da ba a gani da ido

Babban makashin fayin na Sikotlan a gidajen Amurka wata 'yar tsutsa ce daga dangin nimatod, wato dangin da kurkunu da tsutsar ciki suka fito. Sunanta Bursaphelenchus xylophilus, tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinta da kyau. Ba ta iya tashi daga wannan itace zuwa wancan da kanta. Mai ɗaukar ta wani ƙwaro ne mai dogayen ƙahoni, na jinsin Monochamus, wanda ke saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawon fayin da ya mutu ko yake gargarar mutuwa.

Ga yadda lamarin ke gudana. 'Ya'yan ƙwaron kan kwana hunturu cikin mataccen katako. Idan sun kusa zama cikakkun ƙwari, sai tsutsotsin nimatod su taru kewaye da su, su shige cikin bututun numfashinsu. Ƙwaro guda kan fito ɗauke da dubbansu. Daga wajen watan Mayu zuwa gaba ƙwarin kan fito, su tashi zuwa lafiyayyun itatuwa su ci ɓawon ƙananan rassa. Ta wannan rauni tsutsotsin ke sauka su shiga hanyoyin ƙaro, su riƙa cin ƙwayoyin halittar da ke kewaye da hanyoyin. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, ƙwan tsutsar kan zama babba mai haihuwa cikin kwana huɗu zuwa biyar. Kafin a ankara sun zama miliyoyi.

Me ke kashe itacen? Ƙishirwa. Ruwa yana hawa itace ne ta cikin ƙananan bututai da ke cikin katako, a matsayin zare guda marar yankewa tun daga saiwa har ganye. Yayin da ruwa ke ficewa daga ganye zuwa iska, sai ya ja na bayansa, kamar mai jan guga. Ɓarnar da tsutsotsin ke yi, haɗe da yadda jikin itacen ke mayar da martani, kan sa iska ta shiga bututan, zaren ruwan ya tsinke. Bututun da iska ta cika ya tashi daga aiki. Idan suka yawaita, ko da gindin itacen na cikin ruwa, ganyen ba zai sami ko ɗigo ba. Alama ta farko ita ce tsayawar ƙaro: a yanki reshe a ga katakon a bushe, ba danƙo. Daga nan ganyen ya koma toka-toka, sannan ruwan ƙasa, kuma ya ci gaba da zama a jikin reshe bai zuba ba. Cikin makonni kaɗan zuwa 'yan watanni an gama. Bayan mutuwar itacen tsutsotsin kan koma cin wani fangas mai rina katako shuɗi, ƙwarin kuma su zo su saka ƙwai, zagayen ya sake farawa.

Abin lura a nan shi ne, tsutsar 'yar asalin Amurka ta Arewa ce. Itatuwan fayin na can sun yi dubban shekaru suna zaune da ita, galibinsu ba ta yi musu illa. Baƙo ne bai san ta ba. An fara bayar da rahoton cutar a Amurka a 1979, a garin Kolambiya na jihar Misuri, daga nan ta yi ta cin fayin na Sikotlan har malaman gona na jami'o'in yankin suka daina ba da shawarar dasa shi. Ta fi kama itatuwan da suka haura shekara goma, kuma ta fi ƙarfi a inda matsakaicin zafin watannin ɗumi ya wuce digiri 20.

A wasu ƙasashen kuwa tsutsar ce baƙuwa. An fara ganin cutar a Nagasaki ta ƙasar Japan a 1905, amma sai a 1971 masana na can suka tabbatar da cewa nimatod ce sanadinta. A 1979 kaɗai Japan ta yi asarar katako kimanin kubik mita miliyan 2.4. Cutar ta ɓulla a Sin a 1982, Koriya ta Kudu a 1988, Fotugal a 1999, sannan Sifen a 2008. Katako da akwatunan ɗaukar kaya ne ke tsallakar da ita teku. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2002 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ta tanadi a gasa katakon ɗaure kaya har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa turaren magani, kafin ya ƙetare iyaka.

Sauran abokan gaba

Ba duk fayin da ya yi ja ne ke da wannan cuta ba. Akwai fangas mai suna Diplodia, wanda ke kashe sabon toho tun allurai ba su gama fitowa ba. Yakan fara daga rassan ƙasa ya yi sama shekara bayan shekara, ana kuma gane shi da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a bayan kwanson iri. Akwai Dothistroma, mai yi wa allura jan zobe, sashen da ke gaban zoben ya mutu. Waɗannan biyu danshi suke so, shi ya sa feshin ruwan ban ciyawa da ke jiƙa ganye kullum yake taimaka musu. Akwai kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare da ke huda gangar itacen daidai inda rassa suka fito, a ga ƙaro ya taru dunƙule-dunƙule, reshen ya yi rauni har iska ta karya shi. Waɗannan duk a hankali suke ci, kuma ana iya shawo kansu idan an farga da wuri.

Sannan akwai abin da ba cuta ba ne sam. Allurar fayin ba ta dawwama. A ƙasashe masu ɗumi takan yi shekara biyu zuwa huɗu, a can arewa mai sanyi har tara. Kowace shekara cikin watannin Satumba da Oktoba tsofaffin allurai na can ciki, kusa da ganga, kan yi rawaya su zube. Muddin bakin rassan kore ne shar, itacen lafiyarsa lau. Magidanta da yawa sun tayar da hankalinsu, wasu har sun sare itace mai lafiya, saboda rashin sanin wannan.

Abin da mai gida zai yi

Shawarwarin da malaman gona ke bayarwa ba su da wuyar fahimta. A dasa itacen a fili mai rana da ƙasa mai tsane ruwa, kada gindin ya nutse fiye da yadda yake a wurin reno. A cire ciyawa kewaye da shi, a shimfiɗa ɓarzajjen katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ba tare da ya taɓa gangar ba. Lokacin fari a ba shi ruwa mai yawa a ƙasa jefi-jefi, maimakon yayyafi kullum a kan ganye. A bar tazara tsakanin itatuwa don iska ta ratsa.

Idan ana zargin nimatod, ana yanko guntun reshe a kai ɗakin bincike, a jiƙa shi cikin ruwa kwana ɗaya ko biyu, tsutsotsin su fito a duba su da madubi. In ta tabbata, babu magani. Sai a sare itacen har ƙasa, a ƙone shi ko a binne ko a niƙe, kafin watan Mayu lokacin da ƙwari ke fitowa. Ajiye shi a matsayin itacen wuta daidai yake da ajiye wa itatuwan maƙwabta ajalinsu. Ga itace mai daraja wanda bai kamu ba, akwai allurar rigakafi ta sinadarin abamektin ko emamektin da ake yi masa a ganga, amma tana da tsada, kuma sai an maimaita bayan shekara biyu ko uku. Wanda zai sake dashe kuwa, ya fi masa alheri ya haɗa nau'o'i daban-daban, ya kuma fifita 'yan asalin yankinsa, domin cuta guda kada ta share masa shinge baki ɗaya.

Gwaji ga ɗalibai

Malami zai iya nuna wa ɗalibai ginshiƙin wannan bayani da kayan da ke hannu. A ɗaure farar leda a kan reshe mai ganye na kowane itace da ke makaranta da safe, a dawo da azahar: ruwan da ya taru a ciki shi ne wanda ganye ya fitar, shi ne kuma ke jan na ƙasa. Sannan a ba ɗalibi tsinken shan lemo ya zuƙi ruwa daga kofi, a huda tsinken da allura sama da bakin ruwan, ya sake zuƙa. Zai ji ruwan ya ƙi hawa yadda ya kamata, sai iska. Abin da ke faruwa ke nan a cikin dubban bututan itacen da nimatod ta kama. Wanda kuma zai ƙidaya zobba a gungumen da aka yanke a nan ƙasar, ya yi hattara: a ƙasashe masu zafi ba kowane itace ke yin zobe guda a shekara ba, wasu ma zobbansu ba sa fitowa sarai.

Kammalawa

Shekarun da aka rubuta a littafi cewa wani itace yana yi, shekarunsa ne a ƙasarsa, cikin yanayin da ya saba da shi, tare da abokai da maƙiyan da kakanninsa suka sani. Fayin na Sikotlan yana iya ganin ƙarni bakwai a kan duwatsun Laflan, amma a harabar gida a Kansas kwanansa ya rataya ne a kan irin ƙasar da aka dasa shi, da ruwan da ya samu lokacin fari, da kuma ko maƙwabci ya ƙone mataccen itacensa kafin watan Mayu. Saboda haka duk mai niyyar dasa itace, a ko'ina yake, ya kamata ya fara da tambayoyi uku: daga ina itacen ya fito, me yake bukata, kuma wace cuta ce ke jiransa a inda za a kai shi.